Mabuɗi, sshpass ko expect: wanne za ka ba sikirif ɗin da ke aiki da tsakar dare?

Hedkwata tana Yamai, reshe yana Tahoua, kuma ana so kowane dare sabar Yamai, wato babbar kwamfutar ofis, ta shiga ta reshe ta kwaso bayanan cinikin ranar. Da hannu abin ba wuya. Ka buga `ssh`, manhajar da ake shiga wata na'ura daga nesa da ita, ta nemi kalmar sirri, ka ba ta, ka gama ka fita. Rikicin yana farawa ne ranar da aka zuba umarnin cikin sikirif, wato fayil ɗin umarnai da na'ura ke gudanarwa da kanta, aka ce cron, manhajar da ke tayar da ayyuka a kan lokaci, ya tayar da shi ƙarfe 2 na dare. Lokacin nan ba allo, ba mai bugawa, sai ssh ta rasa wanda za ta tambaya, ta fita da saƙon an hana ta shiga.

Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce `echo kalma | ssh sabar`. Ba ta aiki, kuma da gangan aka hana ta. ssh ba ta karɓar kalmar sirri daga bututun da ake zuba mata bayanai, kai tsaye take zuwa `/dev/tty`, wato allon da mutum ke zaune a gabansa. Tushen manhajar ma ke nan: Tatu Ylönen ya rubuta SSH a 1995 a Finland bayan an kama ana satar kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsa, Jami'ar Fasaha ta Helsinki. Manhajar da aka ƙirƙira saboda satar kalmar sirri ba za ta sauƙaƙa maka barin taka a fili ba.

Hanyoyin fita gida biyu ne. Akwai masu ruɗin ssh ta zaci mutum ne ke bugawa, su ne sshpass da expect. Akwai kuma masu kawar da kalmar sirrin gaba ɗaya, wato mabuɗi, ko shi kaɗai ko tare da ssh-agent. Kafin ka zaɓa, tambayoyi biyu sun fi sauran nauyi: akwai mutum a wurin sa'ad da sikirif ɗin zai tashi? In kuma aka sace sirrin da ka ajiye, iya ina ɓarawon zai kai?

sshpass ce ta fi saurin jan hankali, don minti biyu sun ishe ka. Tana ƙirƙirar allon bogi, ta tayar da ssh a ciki, ta jira tambayar, ta amsa. A sabar da ake shiga ba a taɓa komai, wanda babban abu ne in ba kai ke da iko da ita ba. Amma yadda ka miƙa mata kalmar shi ne rabin zancen. Da `-p` kalmar tana cikin layin umarnin kansa: ta shiga tarihin bash, ta zauna cikin sikirif, kuma duk mai asusu a na'urar zai iya hango ta da `ps`, umarnin da ke nuna ayyukan da ke gudana, kafin sshpass ta samu ta rufe ta. Littafin jagorar sshpass da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan. Da `-e` tana ɗauko ta daga `SSHPASS`, wanda ya ɗan fi dama. Da `-f` tana karanta ta daga fayil, kuma in ka yi wa fayil ɗin `chmod 600`, don mai shi kaɗai ya iya buɗe shi, ka ajiye shi nesa da sikirif, ka yi iyakar abin da hanyar ke iya bayarwa. Ana yawan ganin an kwafi sikirif an tura wa abokin aiki ta WhatsApp don ya duba wani layi, an manta layi na huɗu yana ɗauke da kalmar da ke buɗe duk rassan kamfani.

Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba. Karon farko da ka shiga wata sabar, ssh tana tambayar ko ka amince da shaidarta. sshpass ba ta amsa wannan tambaya, fita take yi da lamba 6 (lamba 5 kuma kalmar ce ba daidai ba). Sai mutum ya gaji ya ƙara `StrictHostKeyChecking=no`, abin ya wuce, ya ji daɗi. To, abin da ya yi ke nan: ya ce wa sikirif ɗinsa duk na'urar da ta amsa a wannan adireshi, a yarda da ita. Ita kalmar sirri kuwa tafiya take yi har cikin sabar. A ɓoye take tafiya, gaskiya ne, amma in ta isa ana buɗe ta, kuma in sabar ta bogi ce, ko ta gaskiya ce da aka riga aka kutsa, kalmar ta shiga hannu. Gyaran ba tsada: ka shiga da hannu sau ɗaya ka amince da shaidar, ko ka yi amfani da `accept-new`, wanda ya zo da fitowa ta 7.6 ta OpenSSH, manhajar ssh da aka fi amfani da ita, a 2017. Shi yana karɓar sabuwar sabar amma yana ƙin wadda shaidarta ta canza.

expect ta girmi ssh. Don Libes ne ya rubuta ta a hukumar NIST ta Amurka a 1990, a kan harshen Tcl, kuma aikinta ya fi na sshpass faɗi: ta jira wani rubutu ya fito, ta tura amsa, ta sake jira. Ba kalmar sirri kaɗai ba, duk wata hira da na'ura za ta iya yi. Nan ne ƙarfinta, nan ne kuma take ba da ciwon kai, don sai ka san kowace kalma da na'urar za ta furta. A Nijar wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sabobi da yawa da Faransanci aka girka su, sikirif ɗin da aka kwaso daga intanet yana jiran `password:`, ita kuwa sudo, wadda ke ara maka ikon mai kula da na'ura, tana cewa `Mot de passe`. Sai a tsaya ana kallon kallo. (sshpass ma tana da wannan larura, don guntun `assword` take nema, sai dai `-P` yana canza shi.) Sa `LC_ALL=C` gaban umarnin da ke can yakan dawo da saƙon Turanci.

Sai batun jira. In ba ka canza ba, expect daƙiƙa 10 take jira, kuma in lokacin ya cika ba ka faɗa mata abin da za ta yi ba, ba ta tsayawa, layi na gaba take wucewa. Ka ɗauka layin Tahoua ya yi nauyi a daren, tambayar ta makara da daƙiƙa 12. Sikirif ya riga ya tura amsar kafin a tambaye shi, duk abin da ya biyo baya ya goce da mataki ɗaya, kuma a ƙarshe yana iya fita da sifili kamar komai ya tafi daidai, tunda sai ka roƙi lambar fitar ssh da `wait` kafin ka same ta. Wajen sirri kuma ba ta ɗara sshpass da komai ba, kalmar tana nan kwance cikin fayil. Ni dai ban ga dalilin ɗaukar expect don shiga kawai ba. Wurinta shi ne tsohuwar na'urar da bayan ka shiga take jefo maka tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kamar suwic, akwatin haɗa kwamfutoci, da ke neman `enable` da wata kalmar ta biyu. Mai rubuta Python yana da pexpect mai irin wannan aiki, ko Paramiko wadda ke magana da sabar kai tsaye ba tare da allon bogi ba, ta kuma fi tsabta wajen kama kurakurai. Duk da haka kalmar sirri ce a ajiye.

Yanzu mabuɗi. Umarni biyu ne: `ssh-keygen -t ed25519 -f ~/.ssh/ajiya_dare`, sannan `ssh-copy-id -i ~/.ssh/ajiya_dare.pub ajiya@tahoua`. Na farko yana haifar da fayil biyu. Mai `.pub` kamar kwaɗo yake, za ka iya rataya shi a ƙofar kowace sabar, kowa ya gani ba komai. Ɗayan shi ne mabuɗin, yana zama wurinka. Wajen shiga, mabuɗin ba ya barin na'urarka ko kaɗan. Sa hannu kawai yake yi a kan bayanan wannan haɗuwar, sabar ta gwada da kwaɗon da ke cikin `authorized_keys`, fayil ɗin da take ajiye kwaɗunan da ta yarda da su, kuma sa hannun ba ya amfani a wata haɗuwa. Ke nan ko sabar bogi ka faɗa wa, ba ta samu abin da za ta buɗe wata ƙofa da shi gobe ba. Nau'in ed25519 ya shigo OpenSSH 6.5 a 2014, kuma tun 9.5 a 2023 shi ssh-keygen ke yi in ba ka zaɓi wani ba. In ka sa ya ƙi aiki, fara duba izini: 700 ga `.ssh`, 600 ga `authorized_keys`. sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga a sabar, tana ƙin fayil ɗin da wasu ke iya rubutu a ciki, kuma ba ta gaya wa mai shiga dalili, sai a rajistarta za ka gani.

A nan ne masu sshpass ke kawo hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sikirif ɗin dare ba shi da mai buga masa komai, dole mabuɗin ya zama marar kalmar kariya, wato kalmar da ake kulle fayil ɗin mabuɗin da ita. To mabuɗi tsirara cikin fayil da kalmar sirri cikin fayil, ina bambancin? Wanda ya karanta ɗaya zai karanta ɗayan.

Wajen sata, gaskiyarsu, ba bambanci. Bambancin yana bayan satar. Kalmar sirri ta asusu ce dungurungum. Wanda ya same ta ya shiga daga ko'ina, ya samu cikakken allo, ya yi sudo da ita in asusun yana da wannan dama, sannan ya gwada ta a Maraɗi da Damagaram, inda sau da yawa ita ɗin ce dai aka sa. Mabuɗi kuwa ana iya ɗaure shi. A farkon layinsa cikin `authorized_keys` na sabar Tahoua sai ka rubuta:

`restrict,from="10.8.0.1",command="/usr/local/bin/kwaso-bayanai" ssh-ed25519 AAAA...`

`from` ya ce daga wannan adireshi kaɗai za a karɓe shi. `command` ya ce ko me mai shiga ya buga, wannan umarni guda za a gudanar, abin da ya nema kuma a ajiye shi cikin `SSH_ORIGINAL_COMMAND` in kana son dubawa. `restrict`, wanda ya zo da 7.2, yana rufe sauran ƙofofin: ba allo, ba bi ta cikin sabar zuwa wata na'ura, ba miƙa ssh-agent. Ɓarawon da ya sace wannan mabuɗi sai ya zauna kan sabar Yamai ɗin kanta kafin ya yi amfani da shi, kuma duk abin da zai samu shi ne kwafin bayanan da sikirif ke kwasowa. Asara ce, ba a musu, amma ba ta kai a ƙwace sabar ba. In aikin na rsync ne, manhajar kwafar fayiloli tsakanin na'urori, akwai ƙaramin sikirif mai suna rrsync da ke zuwa tare da ita, ka sa shi a `command` ya tsare mai shiga cikin babban fayil guda, da `-ro` don karatu kawai ko `-wo` don rubutu kawai.

Ga kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko kwamfutar hannu ta ɓace a tasha. In kowane aiki da nasa mabuɗi, layi guda za ka share, sauran ba su ma san an yi ba. In kalma ɗaya ce ake rabawa, sai an canza ta a kowace sabar da cikin kowane sikirif, kuma kullum akwai guda da ake mantawa. Shi wanda aka manta zai ci gaba da ƙwanƙwasa da tsohuwar kalma kowane dare, har fail2ban, manhajar da ke toshe mai yawan kuskuren kalmar sirri, ta toshe adireshin hedkwatar da kanta.

`from` yana da sharaɗi a ƙasar nan: adireshin ya zama tsayayye. Ofis da yawa da akwatin 4G suke hawa intanet, adireshinsu na canzawa, wani lokaci ma ba a iya shigo musu daga waje sam. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a haɗa ofisoshin da VPN, wato keɓantacciyar hanya ta cikin intanet, irin WireGuard, kowace na'ura ta samu adireshin cikin gida da ba ya motsi. In ba haka ba, dole reshe ne zai riƙa turowa Yamai, mabuɗin ya zauna can. Ina da zaɓi, na fi son ya zauna a na'urar da ta fi tsaro, wadda ke ɗaki mai kulle, ba wadda ke ƙarƙashin teburin mai karɓar kuɗi ba. In dole reshe ya riƙe, a ɗaure shi da `-wo`, kuma hedkwata ta riƙa kwashe abin da aka turo zuwa inda mabuɗin ba ya kaiwa.

ssh-agent ita ce ake nuna wa wanda zuciyarsa ba ta kwanta da mabuɗi tsirara ba. Mabuɗin yana da kalmar kariya, ka buga ta sau ɗaya da `ssh-add`, agent ta riƙe shi a buɗe cikin ƙwaƙwalwar na'ura, duk sikirif ɗin da ya san `SSH_AUTH_SOCK` ya amfana. Wanda ya kwafi fayil ɗin daga faifai ko daga tsohuwar ajiya bai samu komai ba. A takarda ta fi kowace hanya kyau. Sai dai ƙwaƙwalwar na'ura ba ta tsallake ɗaukewar wuta. A bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da wuta ke zuwa tana komawa, batirin ajiya ya ƙare kafin a tayar da injin, sabar ta mutu ta tashi, agent ta dawo hannu wofi. Daga nan ajiyar dare ta tsaya har sai wani ya tuna ya buga kalmar, kuma galibi ba a tunawa sai ranar da ake neman bayanan. cron ma ba ya gadon `SSH_AUTH_SOCK`, sai ka nuna masa da hannu. Don haka agent ta mutumin da ke zaune ce, wanda zai tayar da sikirif da rana ya zagaya sabobi 15 yana kallo. A nan ba ta da na biyu. Ga aikin da ba mai gadi kuwa, mabuɗi tsirara da aka ɗaure tamau ya fi ta amfani.

Ƴar'uwarta a wannan hali ita ce `ControlMaster` tare da `ControlPersist`. Ka shiga sau ɗaya da hannu, haɗin ya zauna a buɗe, duk umarnin da ya biyo ya bi ta cikinsa ba tambaya. Ita ce mafita in sabar tana neman lambar nan mai canzawa da ake karantawa a waya, wadda sshpass ba ta da yadda za ta yi da ita. Tana kuma rage jira a layi mai nauyi, tunda ba a sake gaisuwar farko. Layi na yankewa, ta tafi. Masu sabobi da yawa kuma su duba takardun shaida na SSH, waɗanda suka shigo tun 5.4 a 2010: ana sa wa mabuɗi hannu da wa'adi, ya mutu da kansa. Ofis mai sabobi uku bai kai ga wannan wahala ba.

Saura na'urar da aka ce "ba ta karɓar mabuɗi". Kafin ka yarda, bincika. Na'urorin sadarwa na MikroTik suna karɓa, na Cisco masu IOS ma suna da `ip ssh pubkey-chain`. Sau da yawa abin da ya faru shi ne tun OpenSSH 8.8 a 2021 aka kashe tsohon sa hannun `ssh-rsa` mai amfani da SHA-1, tsohuwar na'urar kuma shi kaɗai ta sani, ed25519 ma ba ta taɓa jin labarinsa ba. Sai ka yi mata mabuɗin RSA, ka buɗe mata sashe nata ita kaɗai cikin `~/.ssh/config` da `HostKeyAlgorithms +ssh-rsa` da `PubkeyAcceptedAlgorithms +ssh-rsa`. In bayan wannan ta ƙi, ko kuwa sabar ta wani kamfani ce da ya ba ka suna da kalma ya ce iyakarta ke nan, to sshpass da `-f` ba abin kunya ba ce. A yi wa aikin asusu nasa marar iko, kalma doguwa da ba a sa ta ko'ina ba, a tabbatar da shaidar sabar tun farko. Wanda ba ya son girka ƙarin manhaja yana iya amfani da `SSH_ASKPASS` tare da `SSH_ASKPASS_REQUIRE=force`, wanda ya zo da 8.4 a 2020, inda ssh da kanta ke kiran wani ɗan sikirif ya ba ta kalmar. Mai Windows kuma, plink ta PuTTY tana da `-pw` mai illa irin ta `-p`, sababbin fitowarta suna da `-pwfile`, amma tunda Windows 10 ma tana zuwa da OpenSSH, mabuɗi ya fi kusa.

Wata kalmar sirri tana jiranka a ciki, ta sudo. Mutane da yawa sun gyara shiga da mabuɗi, sannan su rubuta `echo kalma | sudo -S`, su dawo da abin da suka gudu. A `/etc/sudoers.d/`, ta hanyar `visudo`, ka ba asusun `NOPASSWD` a kan umarni guda da cikakkiyar hanyarsa, ba `ALL` ba. Ka kuma tabbata asusun ba ya iya gyara fayil ɗin wannan umarni, in ba haka ba ka ba shi ikon root ne, wato cikakken iko a kan na'urar, ta bayan gida.

Ko wacce ka ɗauka, gwajin da ka yi a allonka ba shaida ba ne, don a nan agent ɗinka da saitunanka na taimaka maka ba ka sani ba. Gwada da `env -i`, wanda ke tayar da umarni ba tare da saitunanka ba, ko ka sa cron ya tayar da shi bayan minti biyu ka duba. In mabuɗi ne, ƙara `-o BatchMode=yes` don ssh ta fita nan take maimakon neman tambaya (kada ka haɗa shi da sshpass, zai hana tambayar da take jira), da `IdentitiesOnly=yes` don kada ta yi ta gwada wasu mabuɗan har sabar ta kore ta. `ConnectTimeout=20` da `ServerAliveInterval=30` suna hana sikirif rataya har safe in layi ya mutu a tsakiya. In kana zagaya jerin sabobi da `while read`, sa `-n`, in ba haka ba ssh ta farko za ta haɗiye sauran jerin, sikirif ya yi sabar guda ya ce ya gama. Sannan ka duba lambar fita: 255 na nufin ssh ce kanta ta kasa, wata lamba daban kuma daga umarnin da ke can ta fito, kuma saƙon da sikirif zai turo maka da safe ya kamata ya bambanta su.